Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministocin Lafiya Da Na Al'adu Kan Rufe Gidajen Wasan Kwaikwayo A Lokacin Annoba

Masu girma ministocin lafiya da ministocin al'adu, da shugabannin kwamitocin da aka ɗora wa alhakin tsara yadda za a tunkari annoba ta gaba,

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa ta ban girma da fatan Allah ya dafa muku a kan nauyin da ke wuyanku, ina rubuto wannan wasiƙa ne da yawun mutanen da abincinsu ya rataya a kan gidajen wasan kwaikwayo, waɗanda 'yan kallo ke gani a kan dandamali da waɗanda ba sa gani. Akwai 'yan wasa da marubuta da daraktoci da makaɗa, akwai kuma masu kula da fitilu da sauti, da kafintocin da ke haɗa kayan dandamali, da telolin da ke ɗinka tufafin wasa, da masu kwalliya, da masu sayar da tikiti, da masu shara da masu gadi. Ni kaina mai kula da dandamali ne, wato mutumin da ke zaune a bayan labule da rubutun wasan a gabansa, yana gaya wa kowa lokacin shigarsa da lokacin kunna fitila da lokacin sauke labule, kuma na shafe fiye da shekara 20 a kan wannan aiki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shirun da ya biyo bayan annobar korona. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage matakin gaggawa da ta sanya a kan cutar, a watan Mayun 2025 kuma ƙasashen da ke cikinta suka amince da yarjejeniya kan shirin tunkarar annoba, gwamnatoci da dama kuma suna sake duba tsare-tsarensu. Ana maganar gadajen asibiti da allurar rigakafi da ɗakunan gwaje-gwaje, kuma duk sun cancanci a yi maganarsu. Amma mu da muke cikin waɗanda aka fara rufewa, muke kuma cikin na ƙarshen da aka buɗe, har yau ba a kira mu an tambaye mu abin da muka gani ba, ba a kuma nuna mana ko da shafi ɗaya da ya fayyace yadda za a yi da mu idan aka sake shiga irin wancan hali. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa muke magana yanzu da babu annoba a ƙofa.

Ina so in fara da abin da ba mu jayayya a kansa, domin kada a ɗauke mu a matsayin mutanen da suka fifita sana'arsu a kan ran ɗan Adam. Mun yarda cewa tara ɗaruruwan mutane a rufaffen ɗaki na awa biyu ko uku yana iya zama haɗari a lokacin da cuta ke bin iska. Mun san abin da ya faru a gundumar Skagit ta jihar Washinton a Amurka ranar 10 ga Maris 2020, inda mawaƙa 61 suka taru domin atisaye na awa biyu da rabi, daga baya 53 daga cikinsu suka kwanta rashin lafiya, biyu suka rasu. Mun san binciken da aka wallafa a 2007 a kan birane 43 na Amurka, wanda ya nuna cewa a murar 1918 biranen da suka hana taro da wuri, suka kuma daɗe a kan hanin, sun fi samun sauƙin mace-mace. Mu ma mun binne namu, ciki har da dattijon da ya koya mini wannan aiki. Saboda haka ba mu ce kada a taɓa rufe gidan wasa ba. Abin da muke cewa shi ne, hukumar da ta ba da umarnin rufe ƙofa ta ɗauki alhakin mutanen da ke cin abinci a bayan ƙofar, kuma a annobar da ta wuce an yi sakaci da wannan alhaki ta fuskoki da dama.

Kokenmu na farko a kan yadda aka yi rufewar ne. A birnin Niyok umarni ya fito a fili ranar 12 ga Maris 2020, gidajen wasa 41 na Broadway suka rufe a yammacin ranar, kowa ya san matsayinsa ko da bai ji daɗi ba. A Birtaniya kuwa, ranar 16 ga watan, Firayim Minista Boris Johnson ya shawarci jama'a su ƙaurace wa gidajen wasa ba tare da ya ba da umarnin rufe su ba, sai bayan kwana huɗu umarnin ya fito. Wanda ba ya cikin sana'ar zai ga kamar bambancin ƙarami ne, alhali shi ne bambancin da ke tsakanin gidan da zai iya tunkarar kamfanin inshora da takardar gwamnati a hannu, da gidan da za a ce masa ai da kanka ka rufe. Rigimar inshorar dakatar da kasuwanci a ƙasar sai da ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a watan Janairun 2021, wata goma bayan an kashe fitilu.

A gidan da nake aiki, labarin ya iso mu ne ta waya, saura kamar awa biyu a buɗe ƙofa. An riga an goge tufafi an rataye su bisa jerin shigar masu su, mai kwalliya ta gama da mutum ɗaya ta kama na biyu, waɗanda suka yi sammakon zuwa kallo sun fara taruwa a waje. Ba a kawo mana takarda ba, kuma babu wanda ya iya gaya mana ko umarni ne ko shawara, balle ya ce na kwana nawa ne. Ni na fita na ba mutane haƙuri, mai sayar da tikiti kuma ta zauna tana mayar musu da kuɗinsu har abin da ke akwatin ya ƙare, ta koma rubuta sunayen waɗanda ke bin mu bashi a bayan takardar shirin wasan. Na bar littafina a buɗe a kan teburi da fensir a tsakiyarsa, domin a zatona abin ba zai wuce mako biyu ba.

Koke na biyu shi ne rashin ma'auni tabbatacce da za mu iya dubawa mu san inda muka dosa. A nan tarihi yana da abin da zai koya mana. A zamanin annobar da ƙuman ɓera ke yaɗawa, an sha rufe gidajen wasan Landan, kamar daga 1592 zuwa 1594 da kuma a 1603. Amma a 1604 majalisar masu ba sarki shawara ta rubuta cewa ƙungiyoyin wasa za su ci gaba da aikinsu muddin waɗanda annobar ke kashewa a mako ba su haura 30 ba, kuma ana fitar da adadin mamatan kowane mako. Mutanen wancan zamani ba su san ƙwayar cuta ba, ba su da ɗakin gwaji ko kwamfuta, duk da haka sun ba ɗan wasa lamba guda da zai duba ya san ko ya fara shirin dawowa ko ya ɗaura kayansa ya fita yawon wasa a wasu garuruwa. Mu da muke zamanin da ake tattara alƙaluma kowace safiya, watanni muka yi muna jiran jawabin talabijin domin mu ji makomarmu.

Ya kamata ku san cewa ba a buɗe gidan wasa kamar yadda ake ɗage ƙofar shago. Sabon wasa yana buƙatar mako huɗu zuwa shida na atisaye, kuma a cikin waɗannan makonni ana biyan 'yan wasa, ana sayen katako da fenti da yadi, ana buga talla, alhali ko kwabo bai shigo ba. A Faransa an rufe gidajen wasa a ƙarshen Oktoban 2020, aka ce za a buɗe su ranar 15 ga Disamba idan adadin masu kamuwa ya sauka, ƙungiyoyi suka shiga atisaye suka sayar da tikiti, sai ana saura kwana biyar aka sanar cewa an fasa, kuma ba su sake buɗewa ba sai 19 ga Mayun 2021. A Landan an bar gidaje sun buɗe a farkon Disamban 2020, ranar 16 ga watan aka sake rufe su, wasu wasannin ba su kai mako biyu a kan dandamali ba. Ba laifi ba ne gwamnati ta janye alƙawarin buɗewa idan cuta ta ƙaru, kuma da ni ne a kujerarku wataƙila haka zan yi. Laifin shi ne a bar wa gidan wasa asarar shi kaɗai, bayan da maganarku ya dogara ya ci bashi ya tara mutane.

Koke na uku ya fi sauran ciwo a zuciya, wato yadda aka bambanta mu da wasu ba tare da hujjar kimiyya ba. A farkon annobar kowa lalube yake yi, kuma ba mu zargi kowa a kan matakin da aka ɗauka cikin duhu ba. Amma ilimi ya zo. A watan Yulin 2020 masana 239 suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa cutar tana yaɗuwa ta ƙananan ɗigon numfashi da ke rataye a iska, wanda ke nufin shige da ficen iska a ɗaki ya fi goge kujeru muhimmanci. Ranar 22 ga Agustan shekarar, likitocin Jami'ar Halle a Jamus suka tara sama da mutum dubu ɗaya a wani babban zaure a birnin Leipzig, suka shirya musu wasan waƙa sau uku da tsarin zama daban-daban, suka gano cewa idan iska na sauyawa yadda ya kamata, mutane na zaune a kujerunsu da takunkumin fuska, an kuma rage cunkoso a ƙofar shiga da lokacin hutun rabin lokaci, haɗarin yana raguwa ƙwarai, idan kuwa iskar ba ta da kyau yana hauhawa. A watan ne kuma aka gudanar da bikin Salzburg a Ostiriya bayan an rage yawan wasanni da yawan 'yan kallo. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu wani babban wasan waƙa ya ci gaba a tsakiyar annobar da takunkumi da auna zafin jiki da rubuta sunan duk wanda ya shigo, da aka samu masu cutar a cikin 'yan wasan aka dakatar da shi na kimanin mako uku, sannan ya dawo.

Duk da wannan, a watan Nuwamban 2020 Jamus ta rufe gidajen wasa ta bar shaguna a buɗe, bayan gidajen sun kashe kuɗi a kan tsare-tsaren kariya, har wani tsohon gidan wasa a Berlin ya ciccire kujeru kusan 500 daga cikin 700 da yake da su. A Beljiyam, a Disamban 2021, gwamnati ta ba da umarnin rufe gidajen wasa da silima yayin da gidajen abinci da kasuwanni ke aiki, sai da babbar kotun da ke duba ayyukan gwamnati ta dakatar da umarnin rufe gidajen wasan ranar 28 ga watan, tana mai cewa ba a kawo isasshen dalili ba kuma matakin ya wuce gona da iri. A Holan, ranar 19 ga Janairun 2022, da aka ba masu aski da wuraren motsa jiki izinin buɗewa aka hana wuraren al'adu, sai aka ga ana yi wa mutane aski a kan dandamalin babban zauren kiɗa na Amsterdam, makaɗa na kiɗa a bayansu, domin a nuna wa hukuma rashin daidaiton dokarta. Mutumin da ke zaune shiru yana fuskantar gaba da takunkumi a fuskarsa bai fi wanda ke cikin cunkoson kanti yaɗa cuta ba. Abin da muka fahimta daga waɗannan matakai shi ne an rufe mu ne saboda mu muka fi sauƙin rufewa, ba mu da ƙarfin da za mu ja da hukuma kamar manyan 'yan kasuwa.

A nan zan faɗi wata gaskiya da ta shafe mu mu kanmu. Wurin da ya fi haɗari a gidan wasa ba zauren 'yan kallo ba ne, bayan dandamali ne, inda ɗakunan sauya kaya suke ƙanana marasa taga, inda mutum takwas ke numfashi a gaban madubi ɗaya, inda mawaƙi ke buɗe murya a fuskar abokin wasansa. Da an tambaye mu, da nan za mu fara nuna wa jami'an lafiya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dokokin da aka aiko mana sun cika da bayani a kan tazarar kujeru, ba su ce komai a kan waɗannan ɗakuna ba.

Koke na huɗu shi ne na tallafi, kuma a nan ne rayuwar mutane ta fi tagayyara. Ba za mu ce ba a ba da komai ba. Jamus ta ware yuro biliyan 1 a tsakiyar 2020 ta kuma ƙara daga baya, Birtaniya ta sanar da fam biliyan 1.57 a watan Yulin shekarar, Amurka ta amince da dala biliyan 15 a ƙarshen Disamba. Amma ku dubi lokacin da kuɗin ya ɗauka da kuma hannun da ya shiga. A Amurka an buɗe shafin neman tallafin ne ranar 8 ga Afrilun 2021, fiye da shekara guda bayan rufewa, shafin ya lalace a ranar, aka sake buɗe shi a ƙarshen watan. Gidan wasan Nuffield na Southampton ya durƙushe tun a watan Mayun 2020, gidan Fugard na Cape Town ya sanar da rufewa ta har abada a watan Maris na 2021. A watan ne kuma masu fasaha a Afirka ta Kudu suka tare a ofishin majalisar fasaha ta ƙasar a Johannesburg na kusan wata biyu, suna neman a yi musu bayanin yadda aka raba rand miliyan 300 da aka ware domin su, a Faransa kuma 'yan wasa suka mamaye gidan wasan Odéon na birnin Faris daga ranar 4 ga watan.

Mafi yawan kuɗin da aka bayar gine-gine da manyan cibiyoyi aka ba, alhali wasan kwaikwayo ba gini ne ke yin sa ba. A Birtaniya kimanin kashi 70 cikin ɗari na masu aikin wasan kwaikwayo masu cin gashin kansu ne, ana ɗaukar su aiki wasa bayan wasa, kuma a ƙasashen da ba su da ƙarfin arziki lamarin ya fi haka tsanani, domin da yawa ko takardar yarjejeniya ba su da ita. Shirin gwamnatin Birtaniya na biyan kashi 80 cikin ɗari na albashin waɗanda aka dakatar da aikinsu ya tsaya ne a kan masu albashi, shirin masu sana'ar kansu kuma ya gindaya sharuɗɗan da suka fitar da wanda bai daɗe da farawa ba da wanda ke haɗa aikin albashi da na ƙashin kansa, sai dubban mutane suka tashi ba tsuntsu ba tarko. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa ayyuka miliyan 10 ne suka salwanta a fannin al'adu da ƙirƙira a duniya a shekarar 2020 kaɗai. Tun a 1980 ƙasashen wannan hukuma suka amince da shawarar cewa mai fasaha ma'aikaci ne da ya cancanci kariya irin ta sauran ma'aikata, amma shekara 40 bayan haka annoba ta same mu babu ko rajistar sunayenmu a yawancin ma'aikatu.

Telar da ta ɗinka mana tufafin wasan da aka fasa ta yi mako biyar tana aiki, rabin kuɗinta kawai ta karɓa, sauran sai an fara wasa, kamar yadda aka saba yi a sana'ar. Da ta je neman tallafi aka nemi ta kawo shaidar albashin wata-wata, ita kuwa abin da take da shi littafin awo ne da sunayen 'yan wasa da faɗin kafaɗarsu da tsawon hannunsu. A wata na huɗu ta sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinta biyu. Mai kula da fitilunmu, wanda ya yi shekara 14 yana koyon yadda haske ke sauya fuskar mutum, ya koma haɗa wayar lantarki a gidajen da ake ginawa, da muka kira shi bayan an buɗe ya ce mana yana da iyali, ba zai sake jingina rayuwarsu a kan sana'ar da za a iya kashewa da waya ɗaya ba. Ban ga laifinsa ba. Wannan ma ba sabon abu ba ne, domin a annobar 1593 wata ƙungiyar 'yan wasa ta Ingila sai da ta jinginar da tufafin wasanta saboda talauci. Amma a watan Fabrairun 1604 Sarki James na ɗaya ya ba ƙungiyar da Shakespeare ke ciki fam 30 ta hannun babban ɗan wasanta Richard Burbage, takardar biyan kuma ta faɗi ƙarara cewa domin ɗaukar nauyinsu ne tun da an hana su wasa saboda annoba. Sarkin da ya yi mulki shekara 400 da suka wuce ya gane cewa hani da diyya tare suke tafiya.

An sha ce mana mu koma intanet, kuma mun gwada. Manyan gidajen da ke da tarin wasannin da aka ɗauka da kyamarori masu kyau sun samu masu kallo, yawanci kyauta. Ƙananan gidaje ba su da kayan ɗauka, kuma wasan da aka sa a intanet ba ya ba kafinta ko mai gadi ko mai sayar da tikiti aikin yini ɗaya.

Koke na ƙarshe shi ne yadda aka janye hannu da zarar an ɗage dokar kulle, kamar buɗe ƙofa ita ce warkewa. Ranar da na koma na tarar da littafina a shafin da na bar shi, takardar ta yi laushi saboda danshi, labule ya yi funfuna, rabin fitilu sun ƙi kamawa, kuma kashi ɗaya cikin uku na mutanen da nake da lambobinsu sun bar sana'ar. Manyan wasannin Broadway ba su dawo ba sai a Satumban 2021, bayan wata 18. Da nau'in korona mai suna Omicron ya ɓulla a ƙarshen shekarar, an soke wasanni birjik a Landan da Niyok ba tare da wani umarnin gwamnati ba, saboda 'yan wasa sun kamu dole su killace kansu, kuma shirin inshorar da gwamnatin Birtaniya ta tsaya wa bai haɗa da irin wannan sokewa ba. Tsofaffin 'yan kallo, waɗanda su ne ƙashin bayan gidaje da yawa, sun daɗe ba su dawo ba.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo, kuma muna so a rubuta shi a cikin tsarin da kuke shiryawa, ba a bar shi a matsayin alƙawarin baki ba. Muna roƙon duk rufewar da za a yi ta zama umarni ne na doka a rubuce, da ranar farawa da ranar da za a sake duba shi, kada a sake ba jama'a shawarar guje mana a bar mu a buɗe. Muna roƙon a bayyana ma'aunin rufewa da na buɗewa tun kafin a buƙace su, ko yawan masu kwanciya a asibiti ne ko wani adadi da masana suka yarda da shi, kuma ma'aunin ya hau kan kowane wurin taro bisa haɗarinsa na gaskiya, wato yawan mutane da tsawon zamansu da ingancin iskar ɗakin, ba bisa sunan sana'ar ba. Idan za a bar wani wuri a buɗe a rufe namu, a wallafa dalilin domin kowa ya karanta.

Muna roƙon tallafi ya fara aiki a ranar da umarnin rufewa ya fara aiki, kuma ya isa hannun mutum kai tsaye, ba sai ya biyo ta ofishin gidan wasa ba. Hakan ba zai yiwu ba sai an yi rajistar masu cin gashin kansu tun yanzu, an kuma karɓi irin shaidar da suke da ita, kamar takardun shirin wasa da ke ɗauke da sunayensu da shaidar ƙungiyoyin sana'a. Akwai misalan da za ku duba. Faransa tana da tsarin da ke ba ma'aikacin wasa alawus a tsakanin aiki da aiki idan ya cika awa 507 a cikin wata 12, kuma da annoba ta zo abin da gwamnati ta yi kawai shi ne tsawaita wa'adin har ƙarshen 2021, saboda sunayen na nan a rubuce. Ireland ta fara gwajin biyan masu fasaha 2,000 yuro 325 a kowane mako a 2022. Mun san ba kowace ƙasa ke da irin wannan ƙarfi ba, amma rubuta sunayen mutane da sana'arsu bai fi ƙarfin kowace ma'aikata ba.

Muna roƙon a kafa asusun da zai ɗauki asarar wasan da aka shirya bisa izininku sannan aka fasa, har da wanda aka soke saboda ma'aikata sun killace kansu bisa dokar lafiya, domin kada a sa ɗan wasa ya ɓoye zazzaɓinsa saboda tsoron jefa abokan aikinsa cikin yunwa. Jamus ta ware yuro biliyan 2.5 a 2021 domin tallafa wa taruka da ɗaukar asarar waɗanda aka soke, kuma irin wannan asusu ya fi amfani idan ya riga annoba zuwa. Muna roƙon a taimaka wa gidaje, musamman ƙanana da tsofaffi, su gyara hanyoyin shigar iska su sanya na'urar auna ingancinta a zaure da ɗakunan sauya kaya, a duba su a ba su takardar shaida, ta yadda gidan da ya cika sharaɗi zai ci gaba da aiki da rabin kujeru maimakon a rufe shi ɗungurungum. Ko a murar 1918 kwamishinan lafiya na Niyok, Royal Copeland, ya bar gidajen wasa a buɗe ne da sharaɗin kula da iska da rarraba lokutan fara wasa domin rage cunkoso a jiragen ƙasa, wanda ke nuna cewa tsakanin buɗewa gaba ɗaya da rufewa gaba ɗaya akwai matakai da za a iya bi.

Daga ƙarshe muna roƙon kujera a teburin da ake tsara waɗannan abubuwa, kuma kada wakilcin ya tsaya a kan shugabannin manyan gidaje, a haɗa da ma'aikatan bayan labule da masu cin gashin kansu. Muna gayyatar jami'anku su zo su yini tare da mu ranar atisaye, mu zagaya da su daga ƙofar tikiti har ɗakin sauya kaya, su auna abin da suke so su auna. Muna kuma fatan samun amsarku a rubuce kafin a rattaba hannu a kan sabon tsarin, domin mu ga sashen da ya shafe mu mu faɗi ra'ayinmu a kansa.

Allah ya kiyaye mu baki ɗaya daga annoba, ya ba ku ikon sauke nauyin da aka ɗora muku.

Naku cikin girmamawa,
Mai kula da dandamali, a madadin 'yan wasa da ma'aikatan bayan labule.